Neman shawara: fushi na neman kassara ni a Madurai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a karatun harhaɗa magunguna a Madurai, jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya. Damuwata saurin fushi. Makon jiya mai gidan da nake haya ya zo da kuɗin wutar da ban yarda da shi ba, na yi ta zazzaga masifa har maƙwabta suka leƙo, na koma ɗaki na maka wayata da bango. Yanzu haka da wayar aro nake rubuto muku.

Wani abokin karatuna ɗan addinin Hindu ya ja ni zuwa haikalinsu na Meenakshi. Ya nuna mini kwakwar da suke fasawa, ya ce ɓawon mai tauri girman kai ne, sai an fasa shi ake ganin farin da ke ciki. Ya ce in riƙa zama minti 10 da asuba ina bin numfashina, wai dhyana suke ce masa. Ni Musulmi ne, a farfajiya na tsaya, dama ba sa barin wanda ba nasu ba ya shiga can ƙurya. In gwada ko in bari?

Tsohon ɗalibin Chennai:
Ƙanena, shekara biyar na yi a Chennai, amma haikalin nan na san shi. Ka lura da yadda aka gina shi? Hasumiyoyi 14 ne, gopuram, an lulluɓe su da mutum-mutumi kala-kala har ido ya gaji. Kana kutsawa ciki haske na raguwa, hayaniya na ja da baya, har a kai wani ɗan ɗaki mai duhu marar taga, garbhagriha, wato ɗakin mahaifa. Su a wurinsu ginin kansa darasi ne: mutum ya baro kasuwar da ke kansa ya gangara inda babu surutu. Mutum-mutumin bijimin nan Nandi da ke durƙushe yana fuskantar abin bautarsu Shiva kuwa, alamar jira ce ba tare da ƙosawa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin littafin addininsu Bhagavad Gita, babi na 2, baiti na 62 da 63. Sun ce fushi ba daga sama yake faɗowa ba. Mutum ya yi ta juya abu a ransa, sai zuciya ta maƙale masa, maƙalewa ta haifi kwaɗayi, kwaɗayin da aka tare shi ya zama fushi, daga nan hankali ya gushe. Ranar da na fara jin wannan dariya na yi, don kamar da ni ake. To kai me kake juyawa a ranka tun kafin mai gida ya ƙwanƙwasa? Ban yarda kuɗin wuta kaɗai ya fasa waya ba.

Malam daga Zariya:
Ɗana, sanin abin da mutane suke nufi da ibadarsu ba laifi ba ne, zaman lafiya da maƙwabci ma yana buƙatarsa. Amma ka san iyakarka. Kada ka furta Om ko wani kirarin gumakansu, kada ka karɓi abincin da aka miƙa wa gunki, kada a ɗiga maka jan nan a goshi. Kuma maganin yana gidanku. Manzon Allah (SAW) ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ga a'uziyya, ga alwala. Zaman da abokinka ke faɗa, me zai hana ka yi shi kan sallaya bayan Asuba kana azkar?

Tsohon ɗalibin Chennai:
Allah ya gafarta Malam, ban ja da ku ba. Sai dai zauna da kwanta na lokacin da wutar ta riga ta kama ne. Ni tambayata wa ke tara itacen.

Malam daga Zariya:
Malamanmu na tarbiyya sun daɗe da yin wannan tambayar, yaro. Amma ka yi ta da kyau.

Ma'aikaciyar jinya a Bangalore:
Ƙanena, bari in raba maka biyu. Aikin numfashin pranayama ne, dhyana kuma tsayar da tunani wuri guda. Na farkon ko a asibiti muna koya wa marasa lafiya ba tare da sunan kowane abin bauta ba. Ja iska ta hanci ka ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali ka ƙirga takwas. Fitar numfashi mai tsawo tana rage gudun zuciya. Ka saba da shi kana lafiya lau, don in rai ya ɓaci ba za ka tuna ba.

Sannan awa nawa kake barci? Zafin Madurai a Afrilu da Mayu kaɗai ya isa ya sa mutum faɗa da inuwarsa. In fasa kaya ya maimaitu, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, babu abin kunya. Batun wuta kuma, a Tamil Nadu wata bibbiyu ake lissafi, ƙila na wata biyu ya kawo maka. Ka ɗauki hoton mita, ka nemi ganin takardar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Anti, kin canka, na wata biyu ne, kuma lissafinsa daidai. Ɗazu na je na ba dattijon haƙuri, ya kaɗa kai irin nasu, har ya ba ni shayi. Yaya, amsar tambayarka: kuɗin makaranta ne. Wata uku ke nan ina jiran saƙo daga gida, kullum da lissafin naira da rupi nake kwana, kuma na kasa buɗe baki in tambayi Baba. Malam, na fara zaman bayan Asuba, yau minti huɗu na yi barci ya sace ni. Akwai wanda ya san inda ake canza gilashin waya da sauƙi a nan Madurai?