Gidan gadonmu ya hana ni barci, a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ya rasu shekara 3 ke nan, ya bar gida a Kurna, ɗaki 9 da shaguna 2 a gaba. Mu 7 ne, maza 3 mata 4, sai iyayenmu mata 2. Ni ne babba, kuma tun yana kwance ya ce ni zan tsaya a kan komai. Wata 8 ina jinyarsa, har babur ɗina na sayar. Da iska ta yaye rufin ɗakin Hajiya ni na sayi kwano bandir 4, ba wanda ya miƙo ko sisi. Yanzu ƙannena mata sun taso, musamman wadda mijinta ke zugawa, wai a sayar a ba kowa nasa. Dillalai sun yi masa kuɗi miliyan 40. Hajiya kuwa ta ce sai dai a fitar da gawarta. Kuma Baba ya taɓa cewa shago ɗaya nawa ne. Ya zan yi?

Malam na Gwammaja: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Lissafin ba wuya. A fara fitar da bashi, sannan wasiyya in akwai, kada ta wuce sulusi. In babu, kuma iyayen mamacin ba sa raye, matansa suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 5, su raba biyu. Ragowar 35 a kasa 10: namiji miliyan 7, mace 3 da rabi. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12. Shago kuwa, ka karɓe shi a hannunka yana da rai da lafiya? A mazhabar Malikiyya kyautar da ba a yi hauzinta ba, wato ba a karɓe ta a hannu ba, har mai ita ya mutu ta koma gado. In wasiyya ce kuma, ba wasiyya ga magaji sai sauran sun yarda.

Maman 'yan biyu: Hmm. Kullum sai a ce miji ne ke zuga mace. Mu shekara 11 yayanmu yana cewa "gidan Baba ba na sayarwa ba ne", ashe ya kai takardar banki jingina. Bawan Allah, kuɗin hayar shagunan nan na shekara 3 ina suke?

Mai tambaya: Hajiya, da su ake cefane da biyan wuta. Ba aljihuna suke shiga ba.

Maman 'yan biyu: Ka rubuta?

Ɗan Fagge: Ka kai Kotun Shari'a kawai, alƙali ya turo a kimanta a raba, ka fita daga zargi.

Baban Ummi: Kotu? Mu da muka je, har yau ni da ƙanena ko a makabarta ba ma gaisawa. Ka kira baffanninku da mai unguwa, ku mazan ku saye kason matan, Hajiya ta zauna a ɗakinta.

Malam na Gwammaja: Saye ya halatta, amma da yardarsu da farashin yau, ba na ranar rasuwa ba. Kuma jinkirin nan haɗari ne. Ɗaya daga cikinku ya faɗi gobe, 'ya'yansa sun shigo lissafi. Kuɗin kwano ka kawo shaida a duba. Jinya kuwa, ladanka na wurin Allah, sai in da niyyar rance ka yi kuma akwai shaidu.

Mai tambaya: Malam, ina zan samu miliyan 14 na sallami mata 4? Kuma maganar shago a gaban Hajiya Baba ya yi ta.

Maman 'yan biyu: Wace Hajiyar, mahaifiyarka ko abokiyar zamanta?

Mai tambaya: Ni fa shawara na zo nema, ba tuhuma ba.

Ɗan Fagge: Takardar gidan tana hannun wa?