Muhawara: Ƙuri'ar da aka ba Gary Johnson a 2016 asara ce?

Mai Lissafi: Ni dai ina nan kan bakana, asara ce. Ɗan takarar jam'iyyar Libertarian ya sami ƙuri'a kusan miliyan 4.5, amma ko wakili ɗaya bai samu ba cikin 538 da ke zaɓen shugaban Amurka. A jihohi 48, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan duka. Ross Perot ma, ɗan takara mai zaman kansa da ya ci kusan kashi 19 a 1992 haka ya tashi hannu rabbana.

Malamar Siyasa: Malam, ai ba kujerar suka nufa ba, kashi 5 suke nema. Jam'iyyar da ta kai nan tana da haƙƙin tallafin gwamnatin tarayya a zaɓe na gaba. Sun tsaya a 3.3. Abin da ya karya su shi ne sharaɗin shiga muhawarar talabijin: sai ɗan takara ya kai kashi 15 a matsakaicin ƙuri'un jin ra'ayi guda biyar. Ta yaya zai kai, alhali an hana shi dandalin da jama'a za su san shi?

Mai Lissafi: Hajiya, ko da ya shiga, manufar harajinsa ce za ta kayar da shi. Tsarin FairTax da ya yaba zai soke harajin kuɗin shiga da na albashi, ya ɗora kashi 23 a kan saye. Amma duba lissafin: kayan dala 100 zai koma 130. Dala 30 ɗin ce kashi 23 na 130, wato a wurin mai saye kashi 30 ne. Talaka kuwa kusan duk abin da ya samu kashewa yake yi.

Malamar Siyasa: Shi ya sa tsarin ya tanadi kuɗin da za a riƙa ba kowane gida duk wata, don rama harajin kayan masarufi.

Ɗan Doka: Kun bar babban cikas. Gyara na 16 na kundin tsarin mulki ne ya ba majalisa ikon karɓar harajin kuɗin shiga. Idan ba a soke shi ba, wata majalisa na iya dawo da harajin, a biya biyu. Sokewar kuwa sai kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya sun yarda, sannan jihohi 38.

Malamar Siyasa: Wannan na karɓa. Asarar ce ban karɓa ba. A jihar Jojiya a 2020 tazarar Biden da Trump ba ta kai ƙuri'a 12,000 ba, Jo Jorgensen, 'yar takarar Libertarian, kuwa ta haura 60,000.

Mai Lissafi: Sai kin nuna mini cewa da ba ta tsaya ba, mutanen nan za su fito zaɓe.