Sharlaman ko Harsha, wa ya fi barin abin a gani?

Ɗan Birni: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, Sharlaman sarkin Farankawa ya fi Harsha sarkin arewacin Indiya nesa ba kusa ba. Mutumin da Fafaroma Leo na uku ya ɗora wa kambi a Rum ranar Kirsimeti ta shekarar 800, har gobe Faransa da Jamus kowa cewa yake nasu ne. Shi ko Harsha yana cikawa a 647 daular ta watse kamar kasuwa ta tashi, ko magaji bai bari ba.

Anti Malama: Ƙanena a hankali dai. Naka ɗin ya mutu 814, zuwa 843 jikokinsa uku sun yanka ƙasar kashi uku a Verdun, shekara 29 kacal fa. Kuma ka tsallake Saksonawa 4,500 da ya sa aka kashe a Verden a 782, ko wannan baya cikin lissafin?

Mai Shayi: Verdun, Verden, ku dinga tausaya mana da sunayen nan don Allah 😂

Anti Malama: Harsha kuwa duk shekara biyar sai ya tara mutane a Prayag ya rabar da abin da ke baitulmali kaf, har kayan jikinsa, sai da ya karɓi tsohon mayafi wajen 'yar'uwarsa Rajyashri ya rufa, kuma malamin Buda ɗan Sin ɗin nan Xuanzang yana wurin a 643.

Ɗan Birni: Anti ai wannan baƙonsa ne, ya ci ya sha a fadar, me kike so ya ce? Ko maroƙi aka ba riga ai sai ya wasa mai gida. Kuma da Harsha ya nufi kudu sarkin can Pulakeshin na biyu ya tare shi a kogin Narmada, ya juyo ba shiri.

Anti Malama: To shi Einhard, marubucin tarihin Sharlaman da kuke jingina da shi, ba ɗan fadar Sharlaman ba ne? Kuma shi da kansa ya ce gogan naka allo yake ajiyewa ƙarƙashin matashin kai yana koyon rubutu da girma, abin ya ƙi. Harsha wasannin kwaikwayo uku ake danganta masa da Sanskrit.

Baban Yara: Anti nan kam zan ɗan saɓa miki. Hannun Sharlaman bai iya ba amma ya ɗauko malamai irinsu Alcuin daga York ya zaunar, kuma salon rubutun da masu kwafin littattafai na zamaninsa suka daidaita shi ne tushen ƙananan haruffan bokon nan da kike dannawa yanzu. Jinin Saksonawa dai yana wuyansa, ban wanke shi ba.

Anti Malama: Haruffan na yarda. Sauran ban yarda ba.

Mai Shayi: Ni duk ba wannan ba, da gaske ne wai Haruna Rashid ya aika masa giwa?

Baban Yara: Ƙwarai, Abul Abbas sunanta, ta isa fadar Sharlaman a Aachen a 802.

Mai Shayi: Tun daga Bagadaza? To wa ya dinga yankar mata ciyawa a hanya