Hawan keke don masu ciwon daji: sadaka ce ko ba sadaka ba?

Autan Inna: Assalamu alaikum. Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Sau 3 ina sanya sanarwar nan a zauren nan, kowa ya gani, mutum 2 kaɗai suka ce uffan. Na shiga tawagar mahaya keke, mu 8 ne, za mu taka kilomita 160 cikin kwana 2 don tara wa masu ciwon daji kuɗin magani. Kowane mahayi an yanka masa abin da zai tara, in ranar ta zo bai cika ba, daga aljihunsa zai cike. Wata 3 ke nan ina fita atisaye da sassafe, cinyoyina ba su daina ciwo ba. Kun san yadda Inna ta tafi. Wata 14 muna jinyar sankarar mama, na ga gashin kanta ya zube bayan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake ɗura wa majinyaci, na ga mutanen da suka koma gida da cutarsu saboda kuɗin zagaye na gaba ya gagara. Ni dai na tsaya a kan cewa babu hanyar da ta kai wannan sa mutane buɗe aljihu, domin wanda ya ga kana zubar da gumi ya fi yarda da kai a kan wanda ya miƙa hannu kawai. Aljihuna bai kai ba, shi ya sa nake sadaka da ƙafafuna. Amma zauren da ake kwana ana musun ƙwallo, an zo maganar rai kowa ya yi gum.

Uwar Biyu: Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Ƙanina ka yi haƙuri, wallahi na gani, hidima ce ta sha kaina.

Ɗalibin Ilimi: Wa'alaikumus salam. Allah Ya gafarta mata. Sai dai akwai gyara a maganarka, ɗan'uwa. Ka ce sadaka. Wace sadaka ce ake yi da riga mai kala, ana ɗaukar hoto, ana turawa mutane su yaba? A cikin mutum 7 da za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Ka kira shi wasa, ka kira shi gangami, amma kalmar sadaka tana da nauyi.

Autan Inna: Malam, wato riya nake yi ke nan?

Ɗalibin Ilimi: Ban ce kai ba. Na ce kalmar ba ta dace da aikin ba.

Abokin Tafiya: Ka faɗa mana, sai dai ka lulluɓe ta. Ni ina cikin tawagar, tare muke fita da shi. Malam, ka karanta aya ta 271 ta Suratul Baƙara daga farkonta: idan kun bayyana sadakoki, to madalla da su. Ɓoyewa ta fi, ba mu musa ba, amma ba a ce bayyanawa ta ɓata ba. Kuma wanda ya yi nuni zuwa ga alheri yana da lada irin na wanda ya aikata. Ta yaya za ka tara kuɗi daga hannun jama'a a ɓoye?

Ɗalibin Ilimi: Yawwa, ka kawo kanka inda nake so. Nuni ne, ba sadaka ba. Mai sadaka shi ne wanda ya ciro kuɗin. Mai keke ɗan aike ne.

Baffa Mai Ritaya: Yaran nan, ni abin da ban gane ba, meye haɗin keke da cuta? Idan ina da abin bayarwa sai in kai wa mara lafiya hannu da hannu, ya yi mini addu'a in tafi. Sai wani ya sha rana a kan titi tukuna sannan zuciyata za ta yi laushi?

Anti Nas: Baffa, da girmanka, a nan kam ban bi ka ba. Shekarata 11 a ɗakin masu wannan cuta. Hannu da hannu yana sayen maganin mako guda, ba ya sayen na'urar gasa ƙwayoyin cutar, ba ya biyan masu bincike. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce kusan mutum miliyan 20 ne suka kamu a wannan shekarar, miliyan 9.7 suka rasu. Yaran da suka kamu a ƙasashe masu arziki, fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. A ƙasashe marasa ƙarfi da yawa ba sa kai 30 cikin 100. Cutar iri ɗaya ce, kuɗi da gano ta da wuri ne suka raba su. Shi kuwa keke ba yau aka fara ba. A jihar Massachusetts ta Amurka akwai hawan keke na tara kuɗi da ake kira Pan-Mass Challenge. Wani Billy Starr ne ya kafa shi a 1980 bayan sankarar fata ta kashe mahaifiyarsa, kamar dai Autanmu. Mutum 36 suka hau a shekarar farko, suka tara dala 10,200. A 2024 jimillar abin da suka miƙa wa Dana-Farber, cibiyar jinya da binciken wannan cuta, ta haura dala biliyan 1. Hanyarsu mafi tsawo ta kai wajen kilomita 300, kwana 2 a watan Agusta. Wane hannu da hannu ne zai tara wannan?

Baffa Mai Ritaya: 'Yata, Amurka kika ce. Su ai kuɗin ne ya yi musu yawa.

Ɗalibin Ilimi: Kuma ko su ba su kira shi sadaka ba. Anti, ba yawan kuɗi muke magana ba, suna muke magana.

Anti Nas: Kai ne kake maganar suna. Autan Inna maganar marasa lafiya ya kawo.

Ɗan Lissafi: Ku bar ni in shigo. Ni ko sadaka ce ko zakka ce ba ruwana, tambayata ɗaya: nawa ne ke isa ga majinyaci? Irin wannan taro akwai kuɗin riguna, ruwa, motar da ke bin baya, masu tsare hanya, talla. Wa ke biya? Idan daga abin da muka bayar ake cira, a faɗa mana kashi nawa. Kuma kada a manta da Lance Armstrong, ɗan tseren keken nan na Amurka. Ya warke daga sankarar maraina, ya kafa gidauniya a 1997, duniya ta ɗaura masa robar hannu mai ruwan ɗorawa, ya ci gasar keke ta Faransa sau 7 daga 1999 zuwa 2005. A 2012 aka ƙwace duka saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, a 2013 ya amsa da bakinsa. Tun daga nan in na ji keke da ciwon daji a jimla ɗaya sai jikina ya yi sanyi.

Abokin Tafiya: To mu ƙwaya muke sha?

Ɗan Lissafi: Wa ya ce kai? Wake ɗaya ke ɓata gari, shi nake nufi.

Uwar Biyu: Haba Yaya, me ya kawo Armstrong cikin maganar yaron da ke kukan uwarsa? In misali kake so, me ya hana ka kawo Terry Fox na Kanada? An yanke masa ƙafa saboda sankarar ƙashi, ya sa ta roba ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 a 1980, har cutar ta koma huhunsa ya tsaya. Ya rasu a 1981 yana da shekara 22. Har yau ana gudu da sunansa duk shekara. Shi ma riya ya yi?

Ɗalibin Ilimi: Ni ban ambaci riya ba, ku duba sama. Autan Inna ne ya fara furta ta.

Autan Inna: Yaya Ɗan Lissafi, tambayarka gaskiya ce. Mu mahaya mun biya kuɗin rajista daban, shi ake hidimar hanya da shi. Takardar da aka ba mu ta ce abin da jama'a suka bayar asusun magani zai tafi. Zan turo maka hotonta.

Ɗan Lissafi: Takarda ba rasit ba ce. Rahoton bara nake so in gani.

Mai Gyaran Keke: Ni kuma ga tawa. Auta, ni na ɗaure maka cen na saita maka giya, na san kana wahala, ba na shakkarka. Amma jiya an kawo mini keken wani daga tawagarku, mai batir ne. Feda ɗaya ya yi, inji ya yi uku. Wannan shi ma da ƙafafunsa yake sadakar?

Baffa Mai Ritaya: To kun ji. Ashe babur ne.

Abokin Tafiya: Baffa, ba babur ba ne, sai ka taka yake tafiya. Kai kuma Oga, da ka tambaye shi dalili kafin ka kawo shi zaure. Mai keken nan bara war haka yana kwance ana sa masa kemo. An cire masa wani sashe na hanji. Likitansa ya yarda ya hau bisa sharaɗin kada ya matsa wa kansa. A tudu mu bakwai muke rage gudu mu jira shi, kuma duk cikinmu babu wanda ya tara rabin abin da ya tara.

Mai Gyaran Keke: Subhanallah. Ban sani ba wallahi. Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma duk da haka ya kamata a rubuta a sanarwa cewa akwai mai batir.

Anti Nas: Tunda yau ranar gyaran kalmomi ce, ni ma ga tawa, kuma ta fi taku amfani. Ku daina cewa daji. Mutum ya ji daji sai ya ɗauka abu ne da asibiti ba ya iyawa, a ce masa kada ƙarfe ya taɓa wurin, ya zauna da ƙullutu a mama wata 8 har ya fashe sannan a kawo mana. Ku ce sankara ko kansa. Sankarar bakin mahaifa ma wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ke haddasa kusan dukkanta, kuma akwai rigakafinta.

Baffa Mai Ritaya: Daji muka tashi muka ji ana faɗa. Sankara ai ta goro ce.

Uwar Biyu: Baffa, a rediyo ma sankara suke cewa.

Baffa Mai Ritaya: Rediyo ba ta girme ni a Hausa ba.

Ɗalibin Ilimi: Kun gani ko? Anti ta gyara kalma an yi mata shiru, ni na gyara an taso mini. Idan suna ba shi da muhimmanci me ya sa daji ta dame ki?

Anti Nas: Domin tawa kalmar tana kashe mutane, taka kuwa ba ta hana kowa warkewa ba. Kuma ba a yi mini shiru ba, ga Baffa nan.

Abokin Tafiya: Malam, gaskiyar magana tun rigimar zaɓen shugaban zaure kake jin haushin Auta, don bai zaɓi naka ba.

Ɗalibin Ilimi: Allah Ya isa tsakanina da wannan zato.

Autan Inna: Don Allah ku bari. Ni ban zo neman a ce mini mai sadaka ba. Ku cire kalmar, na janye ta. Ranar da aka sallami Inna aka ce a koma gida sai addu'a, akwai wata yarinya a gadon kusa da ita, ba ta wuce shekara 9 ba, sankarar jini. Babanta ya riƙe hannuna a baranda yana lissafin abin da ya rage masa ya sayar. Ban san inda suka ƙare ba. Ita nake gani in numfashina ya ɗauke a tudu. Saura kwana 19, kuma ban kai kashi biyu cikin uku na abin da aka yanka mini ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara mu rufe. Abin da ya fito fili shi ne, Malam ya yi gaskiya, kuma shi kansa Auta ya janye kalmar sadaka, don haka wannan ta wuce. An kuma tabbatar akwai shakku a kan inda kuɗin irin wannan taro ke tafiya, ga misalin Armstrong da Yaya Ɗan Lissafi ya kawo, ga batun keke mai batir. Baffa ya ba da shawarar manya, a kai wa mara lafiya hannu da hannu. Anti Nas ta kawo wasu alƙaluma na ƙasashen waje. Wanda ya zargi Malam da ƙullin zaɓe ya nemi afuwarsa. Daga yau duk mai sanarwar neman kuɗi ya fara turo mini in duba.

Anti Nas: Shugaba, wa ya tabbatar da shakku? Tambaya aka yi, Auta ya ce zai kawo takarda. Ayar da Abokin Tafiya ya kawo ba ka ambace ta ba, mutumin da ya tashi daga jinya ya hau keke ma ka mayar da shi hujja a kansu.

Shugaban Zaure: Anti, an rufe.

Uwar Biyu: Ƙanina, duba wayarka, na tura nawa. Ka sake sanya lambar asusun, ta nutse a sama.

Ɗan Lissafi: Ni ina jiran rahoton bara. In na gani zan bayar.

Mai Gyaran Keke: Auta, ka kawo keken ranar Alhamis. Robar birkin baya ta cinye, ba za ta kai ka kilomita 160 ba. Ka zo da na mai batir ɗin ma in duba masa tayoyi, ba sai kun biya ba.