Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya: ta dace da Cal Ripken kuwa?

Mai Rediyo: Jama'a, a taimaka mini. Jiya na ba ɗana labarin Cal Ripken, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Baltimore Orioles a Amurka, wanda ya buga wasa 2,632 a jere daga 1982 zuwa 1998 ba fashi ko sau ɗaya. Ku tuna cikakkiyar kaka wasa 162 ce, kusan kullum ana fili. Na rufe labarin da cewa yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Sai yaron ya ce shi bai ga allura a ciki ba. Na rasa amsa.

Tsohon Malami: Yaronka ya yi gaskiya, Malam. Allura a nan abu ne siriri da ba don haƙa aka yi shi ba, naci ne ya kai shi ga ruwa. Ripken kuwa diga ne. Sau biyu aka zaɓe shi gwarzon shekara na rukuninsu, 1983 da 1991. Da Hank Aaron, wani ɗan wasan besbol, ka kawo da na fi yarda. Bai taɓa fitar da ƙwallo bayan katanga sau 50 a kaka guda ba, amma ya yi ta tarawa shekara da shekaru har ranar 8 ga Afrilu 1974 ya buga na 715, ya wuce 714 na Babe Ruth, wanda kafin nan ya fi kowa yawansu. Duk wannan kuma wasiƙun barazanar kisa na zuwa masa saboda shi baƙar fata ne.

'Yar Damagaram: Baba, da girmanka, ai Aaron ma ba allura ba ne. Ni a ganina ba mutumin ne allurar ba, aikin yini ɗaya ne. Fita wasa ɗaya ba abin a zo a gani ba ne, kowane ɗan wasa yana yi. Fita 2,632 ne rijiyar. Na kalli bidiyon daren 6 ga Satumba 1995. An rataye manyan lambobi a bangon wani tsohon sito bayan filin, da wasan ya kai tsakiya aka sauya 2130 ta koma 2131. Mutane suka miƙe suna tafi fiye da minti 20, abokan wasansa suka tura shi ya zagaya fili yana gaisawa da 'yan kallo hannu da hannu. Sai da na yi ƙwalla.

Mai Rediyo: To wancan 2,130 ɗin fa, na wa ne?

Tsohon Malami: Na Lou Gehrig ne na New York Yankees, wanda kafin Ripken ya fi kowa buga wasa a jere, kuma shi ne ke sa nake jin nauyin maganar. Ana masa kirari da Dokin Ƙarfe. A watan Mayun 1939 shi da kansa ya ce a ajiye shi, jiki ya ƙi. Ashe cutar jijiya ce, wadda har yau Amurkawa ke kira da sunansa. Ya rasu a 1941 yana da shekara 37. Hausawan da suka ce yau da gobe na gina rijiya su ne suka ce yau da gobe ba ta bar komai ba. Kada a koya wa yaro ta farko a ɓoye masa ta biyu.

'Yar Damagaram: Wannan kam na karɓa, Baba. Sai dai Ripken bai jira ta kayar da shi ba. Ranar 20 ga Satumba 1998, lafiyarsa ƙalau, ya je ya ce wa kocinsa yau zai zauna.

Mai Rediyo: Na gode muku. Daren nan zan ba shi labarin Gehrig, in ji me zai ce.