qtwebengine ya ƙi barina a Gentoo

Salam 'yan uwa. Gentoo (Linux ɗin da kake compile manhajoji da kanka) ce a tsohuwar laftof ɗina mai RAM 4GB, duk sanda na yi update sai qtwebengine (injin burauza da wasu manhajoji ke amfani da shi) ya biyo, jiya awa 14 yana compile ƙarshe memori ya cika ya mutu, haba. Na sa -webengine a make.conf (fayil ɗin saitin Gentoo) don kashe shi, na buga emerge --depclean (mai cire abin da ba a buƙata), yana nan daram. Da na duba da equery depends (mai nuna abin da ke buƙatarsa) ashe calibre (manhajar e-book) ce ke jawo shi. Na kwafi ebuild ɗin calibre (fayil ɗin umarnin girka ta) zuwa overlay nawa (ma'ajiyar ebuild tawa) na goge layin webengine, ta girku amma ebook-viewer (ɓangarenta na karanta littafi) ya ƙi buɗewa, ImportError kawai. Ni fa juya littafi daga epub zuwa mobi kaɗai nake yi. Akwai yadda zan samu ebook-convert (ɓangaren calibre mai juya littafi) ba tare da webengine ba?