Baba yana tashi fitsari sau da yawa da dare, me za mu yi?

Ɗan'uwa daga wani ƙauyen Ringim: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya haura shekara 65. Da dare ba ya rabuwa da buta, in ya tsuguna sai ya yi ta yunƙuri kafin fitsarin ya zo, siriri, yana yankewa. Bayan ya yi alwala kuma sai ɗigo ya ɓata masa wando. Maƙwabta sun ce sanyi ne. Ku ba mu shawara.

Ma'aikacin lafiya: Wa alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ya fi kama da kumburin furostet, wani nama da ke ƙarƙashin mafitsara wanda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. Shekaru da sinadarin mazakuta ke sa shi girma har ya matse hanya. Ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama daji, amma alamunsu kan yi kama, shi ya sa gwaji ya zama dole: taɓawa da yatsa ta dubura, gwajin fitsari, gwajin jini na PSA (wani sinadari da furostet ke fitarwa), da hoton mafitsara da ƙoda. A duba suga ma. Dattawa kan ƙi na yatsan saboda kunya, ku lallashe shi, minti ɗaya ne.

Mai harhaɗa magunguna: Ɗan'uwa, kada ku sayo masa maganin mura a kemis ko wajen mai kwando. Da yawansu na iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya. Likita kan rubuta tamsulosin 0.4mg kullum, yana sassauta hanya cikin kwanaki, sai dai yana sa jiri, Baba ya riƙa tashi a hankali. Finasteride 5mg yana rage naman, amma sai an yi kamar wata 6. Baba ya daina shayi da goro da yamma, ya rage ruwa awa biyu kafin barci. Da rana kam ya sha, hana shi ruwa ba magani ba ne.

Ma'aikaciyar jinya: Ragowar fitsarin da ke kwanciya a mafitsara ita ce matsalar. Tana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, in ta daɗe ta danne ƙoda ta lalata ta. Ranar da fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo, ko aka ga jini ko zazzaɓi, kada a jira jiƙo, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti mafi kusa a sa masa roba. In ana buƙatar aiki, akwai Asibitin Malam Aminu Kano, galibi ta hanyar fitsarin ake kankare naman, ba a yanka ciki.